Ina ne ya fi dacewa in riƙa gudu a kusa da KASU (Jami'ar Jihar Kaduna)?

Tambaya: Salam Koci, ni ɗalibi ne a KASU, aji biyu, ina zaune a Unguwar Rimi. Sati uku kenan da na fara gudu kullum da safe a titin Tafawa Balewa, yanzu ƙwaurina ciwo yake, jiya kuma saura kaɗan wani mai keke napep ya kwashe ni. Dan Allah wace hanya ce ta fi a kusa da makaranta? Ko in koma hanyar ƙasa ta bakin kogi?

Amsa: Wa alaikassalam ƙanena, Allah ya ƙara kiyayewa. Gaskiya da na karanta maganar keken nan gabana sai da ya faɗi, shi ya sa da ita zan fara. A ƙasar nan motoci hannun dama suke bi, to kai ka riƙa bin hannun hagu, kana fuskantar abin hawan da ke tahowa, idonka a kansa. Yawancin masu gudun da nake gani sun ba mota baya ga abin jin waƙa toshe a kunne biyu, mai keke kuwa kasan halinsa, da ya hango fasinja zai yanko gefe ba sigina ba komai. Cire abin kunnen nan, ko ka bar guda ɗaya. In da duhu ka fito ka sa farar riga ko mai ɗaukar ido.

Titin Tafawa Balewa ba laifinsa ba ne, lokacin ne. Daga bakwai na safe ya zama na ɗalibai da ma'aikata da masu kai yara makaranta, hayaƙi kawai za ka yi ta shaƙa. In dole shi za ka bi, ka fito da an idar da sallar asuba gari ya fara wayewa, kafin bakwai ka gama.

Amma ni in ka tambaye ni, Murtala Square za ka nufa. Ba nisa daga makarantarku, ka tafi a ƙafa ko da ɗan sassarfa, wannan ya zame maka ɗumama jiki, in ka isa sai ka fara gudun sosai. Ba mota a bayanka, kuma ga jama'a, musamman safiyar Asabar za ka tarar da maza da mata da dattawa kowa na motsa jiki, wanda wannan kansa tsaro ne kuma yana ƙara ƙarfin gwiwa, mutum in shi kaɗai yake gudu sati biyu ya watsar amma in ya saba da fuskoki sai ka ga ranar da bai zo ba har ana cigiyarsa. Ranar da kake son doguwar hanya kuma ga titunan GRA irin su Isa Kaita da Sultan da Alkali, akwai inuwar bishiyoyi kuma da sassafe ba cunkoso, sai dai ka lura da kwalbatin da ba murfi, wallahi yana raunata masu gudun asuba. Wuraren sojoji da gidajen gwamnati ka yi nesa da ƙofarsu in da sauran duhu, kar ka zo a guje ka sa mai gadi zargi.

Yanzu ƙwaurin. Abin da ya faru shi ne zuciya da huhu suna saurin sabawa da gudu, amma ƙashi da jijiyoyi suna ɗaukar watanni, kai kuma ka ɗora musu kwalta kullum sati uku ba hutu. Sannan gefen titi a karkace ake yin sa don ruwa ya gangara kwata, kenan ƙafarka ɗaya kullum tana ƙasa da ɗayar, nauyin bai rabu daidai ba. Ka huta kwana huɗu ko biyar, ka dawo da sau uku a sati, gudu minti biyu tafiya minti ɗaya, kar ka ƙara fiye da kashi 10 cikin 100 na nisan da ka yi satin baya. Takalmi ma ka duba, ba sai sabo ba, ko na gwanjo ne a kasuwar Barci in dai ƙasansa da sauran laushi kuma bai cinye ta gefe ɗaya ba. Amma dan Allah in ciwon wuri guda yake da za ka iya nunawa da yatsa, ko yana maka ko kana zaune, ko ya kumbura, to bar gudun ka je asibiti a duba, ƙashi kan tsage a hankali.

Hanyar ƙasa ta fi kwalta sauƙi ga ƙafa, wannan haka yake, filin ƙwallo ma in ka samu ka zagaya shi ya wadatar. Bakin kogi ne ban yarda ka je kai kaɗai ba. Da damina, musamman Agusta da Satumba, kogin Kaduna yana cika ya haura gonakin gefe, ga santsi ga macizai a ciyawa, ga masu ƙwacen waya a inda ba mutane. In kana son ganin ruwa ka shiga wurin shaƙatawa na Gamji da rana tare da abokai, ka ga gadar Lugard da aka ɗauko daga Zungeru, ka taka a hankali.

Da hunturu in ƙura ta yi yawa har ba ka hango nesa, ka haƙura da gudun ranar, balle in kana da asma. Maris da Afrilu kuma kar rana ta fito ta same ka a hanya, ka sha ruwa kafin ka fita. Bayan sati biyu ka sake rubuto min yadda ƙwaurin yake, sai mu tsara maka yadda za ka kai kilomita 5.