Ku Tambaya A Ba Ku Amsa: Wane wandon shiga ruwa zan saya?

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗan Zariya ne amma aiki ya kawo ni Aberdeen ta ƙasar Sikotilan. Abokan aikina Turawa sun ja ni kamun kifi da fatsa a kogin Dee, kuma gaskiya abin ya shiga raina. Matsalar ita ce wandon nan da ake sawa a shiga ruwa har ƙirji, na sayi na roba mai araha, wata biyu ya fara yoyo, ga gumi kamar an kulle ni a leda. Suna ta ce min in sayi mai fitar da gumi amma tsadarsa ta ba ni tsoro. Dan Allah wanne ne zai daɗe?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'a. To wandunan nan kala uku ne a kasuwa: na roba irin wanda ka saya, da na niyofirin, wata roba mai laushi kamar soso, mai kauri (milimita 3 zuwa 5) wanda ɗumi ne aikinsa, sai wanda abokanka suke faɗa. Shi wannan na ukun akwai wata siririyar fata ta roba a tsakiyar yadin mai ramuka ƙanana ƙwarai, ɗigon ruwa ba ya iya ratsa su amma tururin gumi yana fita. Wani Ba'amurke mai suna Bob Gore ne ya gano yadda ake yin ta a 1969, daga nan aka samu yadin da ake kira Gore-Tex, kuma kamfanin Simms na jihar Montana a Amurka ya fara ɗinka wandon masunta da ita a 1993. Yanzu kamfanoni da yawa suna da irin tasu fatar, ba dole sai mai wannan sunan ba.

Abin da nake so ka gane shi ne ba yadin ne yake fara mutuwa ba, ɗinkin ne. Kuma abin da yake kashe ɗinki shi ne girman da bai dace da kai ba. In ya matse ka, duk sanda ka tsuguna ko ka ɗaga ƙafa za ka hau dutse kana jan ɗinkin tsakanin cinya ne har tef ɗin da aka manna ta ciki ya ɗaye, in kuma ya yi maka burum-burum sai yadin ya riƙa tattarewa yana gogar juna kana tafiya har ya huje. Shi ya sa ni dai ban yarda da sayen na farko ta intanet ba, ka je shago da kayan sanyin da za ka sa a ciki, ka gwada, ka tsuguna, ka ɗora ƙafa a kan kujera, in ka ji yana jan ka a gwiwa ka ajiye shi komai kyansa.

Sai ka duba hawa nawa ne yadin. Za ka ga an rubuta 3 ko 4 wani har 5. Nemi mai hawa 4 daga cinya zuwa ƙasa, sama ko 3 ne ba laifi, domin ƙaya da wayar shingen gonakin da ke bakin kogunan can ƙafa suke kamawa. Ka juya shi ka ga inda ɗinkin ƙafar ya bi, wanda ya bi ta gaba ko ta baya ya fi wanda ya bi ta cikin cinya jimawa.

Ka ɗauki mai safa a ƙasa ka sayi takalminsa daban, ya fi riƙe idon sawu a kan duwatsu masu santsi, kuma in takalmin ya mutu ba ka yi asarar wandon ba. Bel kuma ba kwalliya ba ce wallahi, ka ɗaure shi tamau, in ka zame shi ne zai hana ruwa cika maka wando. Kar ka sa jins ko wani kayan auduga a ciki, auduga tana riƙe gumi sai ka ɗauka yoyo yake yi alhali lafiyarsa ƙalau, ga ruwan Dee a watan Fabrairu da ake buɗe kamun kifin salmon ba wasa ba ne.

In ka dawo gida ka juya shi cikin ya bushe tukuna sannan wajen, ka rataye shi, kar ka dunƙule shi a but ɗin mota har wani satin. In ya fara yoyo ka juya shi ka fesa sifirit, inda ramin yake zai yi baƙi-baƙi, ka ɗiga gam irin su Aquasure ka bar shi ya kwana. Mai matsakaicin kuɗi da garanti ya ishe ka, tunda ba kullum kake ruwa ba.

TAMBAYA: Malam mu nan Yawuri muke su, shin wandon nan zai kare mu daga tsargiya?

AMSA: Yana taimakawa sosai, domin tsutsar tsargiya daga jikin katantanwar ruwa take fitowa ta ratsa fata, to in ruwan bai taɓa ka ba ba ta da hanya. Sai dai hannu yana waje, kuma ko ƙaramin yoyo ya isa. Mai fitar da gumin ya fi daɗi a zafinmu amma tsada da ƙayar bakin kogi za su wahalar da kai, na roba ya fi jure wahala, sai a sa shi da sassafe a cire kafin rana ta take. Wanda kuma ya riga ya ga jini a fitsari wando ba zai yi masa komai ba, ya je asibiti a gwada a ba shi maganin praziquantel.