Santsi, Taɓo da Batun "Jam'iyyar Hagu": Amsar Tambayoyin Masu Karatu

Wani mai karatu daga Unguwar Rogo a nan Jos ya rubuto cewa duk lokacin da zancen shugabancin jam'iyyar PRP ya taso, tare da muhawarar ko ta shiga haɗaka ko ta tsaya da ƙafarta, yakan ji ana kiran wane ɗan Santsi, wane kuma ɗan "Tabo". Yana son sanin asalin sunayen.

Malam, mu fara da gyaran rubutu. Taɓo ne, da ɓ mai lanƙwasa. Tabo shi ne shaidar da miki ke bari a jiki bayan ya warke, taɓo kuwa laka ce mai danƙo irin ta fadama, wadda idan ƙafa ta nutse a cikinta sai an yi da gaske kafin ta fito. Shi kuma santsi sulɓi ne da ke kwashe ƙafa, kuma ba shi da haɗi da santi, wato suɓutar baki saboda daɗin abinci.

Sunayen sun shiga siyasa ne a Jamhuriya ta Biyu. An kafa PRP a 1978 a ƙarƙashin jagorancin Malam Aminu Kano, ta gaji aƙidar tsohuwar jam'iyyar NEPU wadda aka kafa a Kano a 1950. A zaɓen 1979 ta ci jihohi biyu: Muhammadu Abubakar Rimi ya zama gwamnan Kano, Abdulƙadir Balarabe Musa ya zama na Kaduna. Gwamnonin nan biyu suka riƙa halartar taron gwamnoni tara masu adawa da gwamnatin tarayya ta jam'iyyar NPN, tare da biyar na jam'iyyar UPN da biyu na jam'iyyar GNPP. Uwar jam'iyya ta hana su, suka ƙi hanuwa, har jam'iyyar ta dare gida biyu a 1980. Ɓangaren gwamnonin, wanda dattijon ƙungiyar ƙwadago Michael Imoudu ya shugabanta, shi aka sani da Santsi, waɗanda suka tsaya tare da Malam kuwa su ne 'yan Taɓo. Zambo ne a cikin kowanne suna: waɗancan santsi ya kwashe su daga turba, waɗannan kuma sun maƙale wuri guda.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda matasa ke amfani da sunayen a yau, inda ɗan Santsi ya zama mai cin amana, ɗan Taɓo kuma mai riƙon aƙida. Tarihin bai zo da sauƙi haka ba. 'Yan Santsi suna ganin su ne suka fi zafi wajen neman sauyi, har suna zargin shugabannin jam'iyya da karkata wajen NPN. Gaskiya ne Rimi ya koma jam'iyyar NPP a 1983, ya kuma sha kaye a hannun Sabo Bakin Zuwo na PRP. Amma Balarabe Musa, wanda majalisar Kaduna ta tsige a 1981, ɗan Santsi ne shi ma, kuma shi ne ya rungumi jam'iyyar a wannan jamhuriya, ya shugabance ta har zuwa 2018. Wanda zai jefi ɗan takarar yau da ɗaya daga cikin sunayen nan, ya dace ya faɗa mana wane ɗan Santsin yake nufi.

Wata malamar makaranta daga Gangare ta tambaya ko daidai ne a kira PRP "jam'iyyar hagu", kamar yadda take gani a rubuce-rubucen wasu.

Malama, ban ba da shawarar haka ba. Rabon hagu da dama a siyasa ya samo asali ne daga majalisar Faransa a 1789, inda magoya bayan sarki suka zauna a hannun daman shugaban majalisa, masu neman juyin juya hali kuma a hagunsa. Zancen wurin zama ne kawai. A wajen Bahaushe kuwa hagu ba ta da farin jini: ba a ci da ita, ba a miƙa wa babba abu da ita, kuma idan an ce mutum ya yi wa magana bahaguwar fahimta, to ya ɗauke ta a baibai ke nan. Dattijon da bai san tarihin Faransa ba, idan ya ji "jam'iyyar hagu", zagi zai ɗauka. Gidajen rediyo sun daɗe da samar da mafita, suna cewa masu ra'ayin kawo sauyi, kishiyarsu kuma masu ra'ayin riƙau ko 'yan mazan jiya. Idan aƙidar tattalin arziki ake nufi, akwai gurguzu. Ita kanta NEPU da harshenta ta zo, ta ce jam'iyyar talakawa ce mai neman sawaba, kowa kuma ya gane.

Tambaya ta ƙarshe daga Rikkos ta zo, a kan karin maganar da masu sukar shugabannin jam'iyya ke yawan kawowa: "Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba."

Hoton matafiyi ne da kayansa suka karkace, wani ya hango ya ce masa ya gyara, shi kuwa ya zaci rabo ake nema. Mai ba da shawara ne ke faɗin ta, domin ya nuna ba shi da kwaɗayin komai a cikin kayan. Saboda haka ta dace da bakin ɗan jam'iyyar da ke kiran a gyara rajistar mambobi ko a yi babban taro a kan lokaci. Wanda ya riga ya sayi takardar takarar kujerar shugaba kuwa, ba shi da hurumin fakewa da ita, tunda ya fito fili ya ce a sauke.