Wa ke kayyade gudun mota a ƙauyenmu?

Malam, ka ce motoci na tsala gudu ta tsakiyar ƙauyenku a hanyar Garwa zuwa Marwa, kana tambaya ko jauro, wato mai garinku, zai iya kafa allon rage gudu.

Ba huruminsa ba ne. Kamaru da Cadi suna bin dokar hanya ta CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, dokar da ta kayyade gudu a kilomita 60 a awa cikin gari. Hukuma na iya rage hakan inda akwai makaranta, kasuwa ko kwana mai haɗari. Taku kuwa babbar hanya ce mai lamba 1, hanyar ƙasa, don haka sai ma'aikatar ayyuka da ta sufuri sun sa hannu.

Ku rubuta koke, jauro da shugaban makaranta su sa hannu, ku kai wa magajin gari da sufurefe, wato wakilin gwamnati a gundumarku. Ku faɗi lokacin da yara ke tsallakawa, da cunkoson ranar kasuwa.

Don Allah kada ku tara ƙasa ku yi tudun rage gudu a kan hanya da kanku. Mu mun yi, ba fenti ba allo, da daddare wani mai babur ya hau shi ya karya kafaɗa. Tsayin tudu da wurin kafa allo aikin injiniyan hanya ne.