Tambaya da Amsa: Dokina yana turjewa a gaban shinge

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ingarma ɗan shekara 6 wanda nake hawan Sallah da shi, kuma ko ƙarar bindiga a Ƙofar Fada ba ta firgita shi. A bana na fara koya masa tsallake shinge da yamma bayan La'asar. Na gitta sanduna biyu da na shafa wa jan fenti domin su fito sosai, amma wata rana ya tsallake lafiya, wata rana kuma ya taho da gudu ya turje, ko ya buge sandar da ƙafa. Abokan hawana sun ce taurin kai ne, in ƙara masa bulala. Mene ne shawararka? Daga mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ɗan ajiye bulalar tukuna, domin abin da ka bayyana ya fi kama da dokin da bai ga shingen yadda kai kake ganinsa ba.

Idanun doki suna gefe da gefen kansa ne, shi ya sa yake ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, wajen digiri 350. Sai dai inda ganin idanun biyu yake haɗuwa, wanda da shi ne ake auna nisa da tsayin abu, bai wuce kimanin digiri 60 ba, kuma yana bin inda hancinsa ya nufa. Idan ya ɗaga kai ya miƙa hanci, yana hango shingen. Idan aka janyo haɓarsa zuwa ƙirji, ƙasar da ke gaban kofatonsa ce ya fi gani. A nan nake zargin linzaminka. Linzamin da muke hawan Sallah da shi mai kaifi ne, an yi shi domin sukuwa da zamiya da tanƙwasa wuya irin na ƙasaita, kuma dokin da ya saba da shi yakan noƙe kai da zarar ya ji hannu. Ka nemi linzami mai taushi, ka sassauta hannu tun kana nesa, ka bar shi ya ɗaga kai ya duba. Ka sani kuma cewa a takun ƙarshe shingen yana ɓace masa a ƙarƙashin hanci, da abin da ya riga ya auna tun daga nesa yake tashi, don haka fizgar da za ka yi masa a wannan lokacin ɓata masa lissafi kawai take yi.

Jan fentin ma, duk da kyakkyawar niyyarka, bai taimake shi ba. Doki yana bambance shuɗi da rawaya, amma ja da ruwan lemo da kore duk sukan saje masa, ballantana a kan jar ƙasa da busasshiyar ciyawa. Jami'ar Exeter da ke Birtaniya ta yi bincike a kan wannan, kuma bisa sakamakonsa ne hukumar tseren dawaki ta Birtaniya ta fara sauya alamun shingayenta daga ruwan lemo zuwa fari a 2022. Ka shafa wa sandunanka fari da shuɗi, ratsi-ratsi, kuma su kasance masu kauri.

Daga nan ka shimfiɗa sanda ɗaya a ƙasa, a gindin shingen ta ɓangaren da kake tahowa, domin daga ƙasa doki yake auna inda zai tashi, kuma sandar da ke rataye a sama ba komai a ƙarƙashinta ita ce ta fi ruɗa shi. Kada ka sa ta a bayan shingen, domin zai ɗauka gindin yana can, ya matso fiye da kima. Ka fara da sanduna 3 ko 4 kwance a ƙasa, tazarar kimanin mita 1.3, ya riƙa bi ta kansu da sassarfa, sannan ka gicciye biyu ƙasa-ƙasa yadda tsakiyar za ta jawo shi.

Lokacin ma abin dubawa ne. Bayan La'asar rana ta sauko, inuwa ta yi tsawo, kuma idan kun fuskanci yamma hasken yana dukan idonsa kai tsaye, ga hazon hunturu idan lokacinsa ne. Ka juya shingen yadda rana za ta kasance a bayanku ko a gefe. Idon doki ba ya saurin sabawa da sauyin haske kamar namu, saboda haka kada ka fito da shi daga duhun barga ka nufi shinge, ka fara yin kilisa na ɗan lokaci. Adon goshi mai tuntaye kuwa, a bar shi sai ranar hawa, kada ya tare masa gani.

Idan ka gyara waɗannan har makonni biyu ko uku bai sauya ba, ko kuma ka lura idonsa yana hawaye, yana runtse shi a rana, ko wani fari-fari ya bayyana a ciki, ka kai shi Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru a duba idon. Ka roƙi likitan ya duba ƙafafun gaba da gadon bayansa ma, domin dokin da yake jin zafi wajen dira yakan ƙi tashi ko da yana ganin shingen sarai.