Me ake gani a cikin ƙarfen da ya sha ja da matsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina sayar da rodi da wayar ɗauri a Owode Onirin, nan Legas. Na lura in ka yi ta lanƙwasa waya gaba da baya, wurin sai ya ƙara tauri kafin ya karye. Ɗana da ke karatun injiniyan ƙarafa a Akoka ya ce sai da madubin ilektiron ake ganin dalili. Me ake gani, kuma me ya hana madubin likita ya nuna?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Yaron naka ya faɗi gaskiya, Allah ya yi masa albarka.

A ido ƙarfe abu ɗaya ne dunƙulalle. Amma in aka yanka shi, aka goge har ya yi sheƙi, aka ɗiga masa asid mai rauni, sai ka ga ƙwayoyi ne manne da juna kamar kantun riɗi. A cikin kowace ƙwaya atam na jere sahu-sahu, sai dai inda sahun ya fuskanta ya bambanta da na maƙwabciyarta. A rodin da bai sha wuya ba ƙwayoyin manya ne, madubin haske, wato dangin na likita, na nuna su sarai.

Da an ja ƙarfe ko an lanƙwasa shi a sanyi, sahun atam sai ya riƙa gocewa. Layukan gocewar nan suna yawaita, su sarƙe, wannan ya tare wa wancan hanya, kamar gosulon Mile 12 da yamma. Taurin da hannunka ke ji ke nan. In aka ci gaba da matsa, sai su taru su zama katangu, su raba babbar ƙwaya gida-gida, kowane gida bai kai maikuron 1 ba (wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita), alhali kaurin gashin kai ya kan kai maikuron 70. Masana biyu, Hall a 1951 da Petch a 1953, sun nuna cewa ƙanƙancewar ƙwaya na ƙara wa ƙarfe ƙarfi. To, haske ba ya rarrabe abin da bai kai maikuron 0.2 ba, shi ya sa a madubin likita baƙaƙen zane-zane kawai za ka gani, kamar zaren rake.

Madubin ilektiron kuwa da ilektiron yake aiki maimakon haske, yana ganin abin da ya fi haka ƙanƙanta. Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera na farko a Balin a 1931. Iri biyu muke aiki da su. A na farko ana huda ɗan faifai mai faɗin milimita 3, a yi ta rage masa kauri har tsakiyarsa ta ɓule, sai a duba bakin hudar inda kauri bai wuce nanomita 100 ba (kashi ɗaya cikin goma na maikuron), ilektiron su ratsa. Da irin wannan ne Peter Hirsch da abokan aikinsa a Kambirij suka ga layukan gocewa na motsi a cikin alminiyom a 1956. Yana nuna komai dalla-dalla, amma wuri ɗan mitsitsi. A na biyu, da dabarar da ake kira EBSD, ana karkata samfurin digiri 70, na'ura ta bi fuskarsa ɗigo-ɗigo tana karanta inda sahun atam ya fuskanta, ta ba kowace fuskanta launinta.

A nan nake so ɗanka ya nutsu. Taswirar launukan tana da kyau, har ta kan ruɗi ɗalibi. Ba kowane ɗan gida ne ƙwaya ba. Sai bambancin fuskanta tsakanin maƙwabta ya haura digiri 15 muke ce wa iyakar cikakkiya. Kuma ƙarfen da ya sha matsa sosai yana dusashe hoton, na'ura ta bar baƙaƙen gurabu, ɗalibi ya danna manhaja ta cike su. Abin na damuna ƙwarai, don wurin da ya fi shan wuya shi ne ake shafewa.

Wani ɗalibi ya taɓa kawo mini guntun waya da ya yanka da giranda, bakin har ya yi shuɗi. Na ce masa wannan ya tashi aiki. Zafin ya riga ya warware sarƙar da yake nema, kamar yadda maƙeri ke mayar da ƙarfe wuta ya yi laushi.

Alhaji, ka ba shi guntun rodi da guntun wayar da aka ja, ya yanka a hankali ruwa na zuba a kai. Wayar kuma ya yanka ta biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a gicciye, domin ƙwayar da za ta fito ƙarama a gicciye, a tsaye doguwa ce siririya.