Tambaya da Amsa: Me sensa za ta ƙara wa manhajar masana'anta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a sashen tsara aiki na wata masana'anta, muna da manhajar ERP, wadda ke riƙe lissafin kaya da oda da kuɗin kamfani, amma kullum abun da ke kwamfuta daban, abun da ke sito daban, yanzu kuma ana ta cewa a saka wa injina sensa, wato 'yan na'urori masu ƙirga ko auna abun da inji ke yi, a haɗa su da manhajar. Wai me zai gyara ne, ko dai ƙarin kashe kuɗi ne kawai?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Matsalar nan taka ba laifin manhajar ba ne, ita ERP irin su SAP ko Oracle abun da aka faɗa mata kawai ta sani. Mai aikin dare ya gama, ya rubuta adadin kayan da inji ya fitar a takarda, takardar ta kwana a aljihu, sai da safe wani ya shigar, wataƙila ma ya manta da waɗanda suka lalace, to kaga duk lissafin da manhajar za ta yi kan ɗanyen kaya da oda da ranar kai wa kwastoma, a kan labarin jiya ta ɗora shi.

Da an saka sensa mai ƙirga, duk kayan da ya fito daga inji a take manhajar ke sani, ta cire ɗanyen kayan da ya ci daga lissafin sito, in ya kusa ƙarewa ta shirya takardar sayen wani. Haka ɗan tambarin RFID, wanda na'ura ke karantawa daga nesa ba sai an taɓa shi ba, da ake mannawa a jikin kwali, yana wucewa ta ƙofar sito ake karanta shi ba sai an tsaya ƙirga ba. Daga nan ma maganar ta faro, Kevin Ashton da ya raɗa wa wannan fanni na haɗa na'urori da intanet suna "Internet of Things" a 1999 yana aiki ne a Procter & Gamble, kuma batun bin sawun kaya da RFID ne ya dame shi.

Amma ni inda na fi ganin riba shi ne wajen gyara. Boris ɗin inji, wato zoben ƙarfen da sandar inji ke juyawa a cikinsa, ba ya mutuwa rana ɗaya, sai ya fara jijjiga, ya fara zafi fiye da yadda ya saba, wani lokacin motar lantarkin da ke juya injin ta fara jan wuta da yawa. Sensa na kama wannan tun kunnen makanike bai ji ba. In an haɗa ta da ERP, manhajar da kanta za ta buɗe takardar aikin gyara, ta duba ko akwai boris ɗin a sito, ta nuna maka lokacin da injin ba shi da oda mai yawa a tsayar da shi. Kai da ke tsara aiki ai ka san bambancin tsayar da inji da gangan da kuma ya mutu maka ana tsakiyar odar gaggawa.

Sai dai kar a yarda a zuba wa ERP kowane karatu na kowace daƙiƙa, ba don haka aka gina ta ba, za ta yi nauyi ne kawai. Ana saka wata ƙaramar kwamfuta ko manhajar MES, mai bin diddigin aikin injina a cikin masana'anta, a tsakani ta tace bayanan, ta aika abun da ake buƙata. Tsohon inji ma ba sai an yar ba, da yawa suna aika bayani da wani yaren injina mai suna Modbus wanda ya fito tun 1979, akwai akwatin da ke juya shi zuwa yarukan zamani irin su MQTT ko OPC UA, injin da kuma ba shi da komai sai a maƙala masa sensa a wayar wuta, ko ba komai a san yaushe yake aiki yaushe yake tsaye. Ku fara da injin da in ya tsaya kowa ya tsaya. Kuma ku gyara lambobin kaya a manhajar tukuna, in kaya ɗaya na da suna uku a ciki babu sensar da za ta cece ku.

Tambaya: Malam ni akawu ce, tsorona shi ne masu kutse, in an haɗa injina da intanet ba za su iya tsayar mana da aiki ba?

Amsa: Hajiya tsoronki na kan hanya, kuma ya sha faruwa. A watan Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya sa Renault ya tsayar da aiki a wasu masana'antunsa, a Maris ɗin 2019 kuma masu neman kuɗin fansa suka kulle kwamfutocin Norsk Hydro, kamfanin alminiyam na Norway, sai da ma'aikata suka koma gudanar da wasu ayyuka da hannu. Galibi ta kwamfutar ofis ake shiga, ta imel ko manhajar da ba a sabunta ba, daga nan a gangara wajen injina in hanyar a buɗe take. Don haka ki tambayi masu haɗa muku abu uku: shin netwok ɗin injina daban yake da na ofis, shin an canza lambar sirrin da na'urorin suka zo da ita daga kamfani, sannan ina aka ajiye kwafin bayanan ERP wanda ba ya jone da netwok ɗin. In ma zai yiwu, a sa bayani ya riƙa fita daga inji zuwa manhaja kawai, umarnin kunnawa da kashewa a bar shi a hannun mai tsaye gaban injin.