Tambaya da Amsa: Bayan Motata Ya Zauna

Salam Malam. Ina da Ford F-250, na sa an ƙera min ɗan ɗakin kwana a bayanta, har da katifa da tankin ruwa, don muna yawan zuwa Yankari da iyali. To wallahi tun daga nan bayan ya zauna, in na sha kwana sai ta dinga rangaji kamar kwale-kwale. Bakanikena ya ce a ƙara sifirin kawai, ya kake gani? Daga wani mai karatu a Gombe.

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka kashe ko sisi, duba takardar da ke jikin ƙofar direba, akwai iya nauyin da kamfani ya yarda ta ɗauka, sannan ka hau da motar kan sikeli da kayanka duka, kai da mutanen gida, tanki cike, don lita 100 na ruwa kilo 100 ne cif. In ka wuce ƙa'ida fa ba sifirin ɗin da zai cece ka, birki da taya da gindin mota suna nan yadda suke.

In ba ka wuce ba, ƙarin sifirin zai ɗaga bayan, sai dai ranar da ka sauke ɗakin za ta riƙa dukanka a ramuka. Ni na fi son jakar iska, wato jakar roba da ake sawa kusa da sifirin baya don ta taimaka masa ɗaukar nauyi, ka hura in da kaya ka sace in babu, amma ka sa a ba kowane gefe bututunsa daban, in ba haka ba iska na gudu gefe guda a kwana. Rangajin kuwa aikin shokazoba ne da sandar sitabilaiza mai kauri, wato ƙarfen da ke rage karkatar mota a kwana, su za ka fara canzawa.